Duwatsun Garkar Inna

Ƙwaryar tana nan wurina har yau. Ta tsage a gefe, gyartai ya ɗinke ta, zanen ya sha hannu har ya fara shafewa, amma ba na bari a zuba mata ko ruwa. Jikokina suna cewa na fi tashi da faɗa in an taɓa ta fiye da in su aka taɓa, kuma ban ce sun yi ƙarya ba. Duk sa'ad da na juya ta a hannuna sai raina ya ɓaci sabo fil, alhali wanda nake fushi da shi ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

A Dakoro aka haife ni, tun ba a san Nasara ba a ƙasarmu, lokacin da wurin bai wuce rijiya da 'yan gidajen zana da suka kewaye ta ba. Ƙasarmu ta rairayi ce. Kana iya wuni kana tafiya ba ka yi tuntuɓe da dutse ba. In kare ya biyo ka, sai dai ka jefe shi da takalminka. Matafiyin da zai yi girki, hoge yake nema ko gutsuren suri ya ɗora tukunyarsa a kai. Shi ya sa garkar Inna ta zama abin kallo, don ita kaɗai ce a duk yankin aka kewaye da katangar dutse.

Garkar tana bayan rijiya, inda ruwan da shanu suka zubar yake gangarawa. Akwai albasa a ciki, da gauta, da barkono, da yakuwa, da 'yar taba ta Baba, sai wani lalle a kusurwar gabas wanda ya girme ni. Sauran mata da ƙaya suke shinge. Gara ta ci, masu neman itace su zare, awaki su tsallake. Inna kuwa tun tana amarya, duk ranar da ta je kasuwar Kornaka, sai ta ratse wani fako mai jan dutse da ke kan hanya, ta zaɓi guda, ta ɗora a kan gammo ta kawo shi gida. In tana da kaya, dutsen yana sama da kayan. In tana da goyo, ga goyo ga dutse. Baba yakan tambaye ta ko dafa mana shi za ta yi, mata kuma suna mata dariya a bakin rijiya. Haka ta yi ta yi har gashin tsakar kanta ya zube, wurin ya yi kanta.

Ba don albasa kaɗai take wannan wahala ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa dalili ba. Tana yarinya, can wajen Tagriss inda iyayenta suke kiwo, uwarta ta rasu. Aka rufe ta, aka jibga ƙaya a kan kabarin kamar yadda aka saba. Da safe Inna ta fita da awaki, ita ce ta fara ganin abin da kura ta yi. Ba ta taɓa faɗa mana abin da ta gani ba dalla-dalla. Abin da take faɗa kullum guda ne, in tana jera sabon dutse: "Da raina su tsare mini albasa, in na mutu su tsare ni." Na ji wannan magana har ta zauna mini a ka. Yaya ma ya ji, don kunnuwansa lafiyarsu lau.

Ni tun ina ƙarama zuciya gare ni. In na yi faɗa da 'yan mata a wurin daka, Inna ba ta dukana. Sai ta miƙo mini ƙwarya da 'yar wuƙa mai tsini ta ce in tafi garka, kar in dawo sai numfashina ya sauka. A can na koyi zanen ƙwarya. Nakan zauna a gindin lalle, in kafa ƙwaryar tsakanin gwiwoyina, in dubi abin da ke gabana in sassaƙa. Abin da ke gabana kuwa katanga ce. Sai in fitar da siffar dutse ɗaya, yadda yake da ƙusumbinsa da lotsawarsa, sannan in cika cikinsa da duk abin da hannuna ya ga dama: wannan saƙar tabarma, wancan sawun kaza, na kusa da shi ɗige-ɗige irin na jikin zabuwa, wani kuma layi a kan layi har wuri ya ƙare. Ba na tunanin komai in ina yi. Wuƙa tana tafiya, ɓawon ƙwarya yana zuba a cinyata, kafin in cika dutse biyu na manta da wadda na so in fasa wa baki. In na gama sai in murza gawayi da man shanu in shafe, zanen ya fito baƙi.

Babbar ƙwaryar da nake magana, a shekarar da za a yi mini aure na zana ta. Na bi katangar gaba ɗaya, tun daga manyan duwatsun ƙasa, waɗanda Inna ta kawo da ƙuruciyarta, har ƙananan na sama da ta kawo da ƙarfi ya fara ja baya. Na sa lalle da ganyensa, na sa albasa tsaye kamar tsinke, na sa duma yana hawa katanga da 'yan hannuwansa masu murɗewa. Ban tafi da ita gidan miji ba. Inna na bar wa.

A garin Rumbu na yi zaman aure shekaru masu yawa. Da mijina ya rasu, 'ya'yana sun kama gabansu, sai na tattara na dawo gida, don an aiko mini cewa yana ta rufe idon Inna, ƙafafunta kuma sun ƙi. Baba ya riga ya rasu. Yaya ne maigida, shi ke kula da rijiya, kuma duk baƙon da ya sauka a bakin ruwa, nasa ne.

Ran da na iso, ban ajiye kayana ba sai da na leƙa garka. Katangar ta gajarta. Daga gabas ta yi giɓi, duwatsun da suka rage kuma rabinsu baƙi ƙirin. Ban fahimci abin ba sai bayan 'yan kwanaki, da wani ayarin Buzaye masu gishiri ya sauka. Ina cikin ban ruwa sai ga Yaya tafe, ya sha riga, yana taku ɗai-ɗai, mutane biyu na bin sa. Ya miƙa hannu ya nuna katangar Inna kamar mai nuna garken shanunsa, ya ce su ɗiba.

Na ce, "Yaya, mi kake yi haka?"

Ya ce, "Baƙi ne, auta. Murhu za su kafa."

"Kahin Inna ta kawo dutse garin ga, ɗanye suke cin abinci?"

Ya dubi baƙin ya yi musu murmushi, irin na wanda ke ba da haƙuri a kan mahaukaciyar gidansu, sannan ya rage murya. "Ke dai ba ki da kunya. Dutse uku za ki hana baƙo? Gobe in sun tashi ki tahi ki kwashe abinki."

Dutse uku. Kullum dutse uku ne. Amma ayari ba tukunya ɗaya yake dafawa ba, kuma ba ayari ɗaya ke sauka a shekara ba. In sun tashi in je in tarar da wasu sun fashe da zafin wuta, wasu sun yi baƙi, masu kyawun kuma babu su, don matan Fulani in suka samu dutsen murhu mai zama daram, ɗora shi suke a kan takarkari su wuce da shi, kuma ban ga laifinsu ba, tunda kyauta aka ba su. Labari ya bazu har arewa cewa a rijiyar Dakoro akwai wani karimi da ke ba da dutse. Mutanen da a da suke haƙa rami su ɗora tukunya, yanzu tun kafin su sauke raƙuma suke tambayar ina mai duwatsun.

Wannan mutum, wallahi, bai taɓa ɗauko ko tsakuwa daga fakon nan ba. Ya bi hanyar Kornaka sau ba adadi, a kan jaki, hannunsa na lilo. Ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai, don da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Son a yabe shi ne ya yi masa yawa. In baƙo ya ce masa madalla, jikinsa har rawa yake. Akuyarsa ba ya yanka wa kowa, hatsin rumbunsa a aune yake fita, amma wuyan uwarsa da ya sha dutse shekara da shekaru, wannan kam kyauta yake rabawa da hannu biyu. Na yi masa magana da lalama, na yi da ihu, na kai ƙara wurin kawunmu. Kawu ya ce in ji tsoron Allah, ba a hana baƙo wuta da ruwa da murhu. Na ce to a ba su murhun gidan Kawu. Daga ranar ya daina amsa gaisuwata.

Inna ba ta san abin da ake ciki ba, don ba ta iya zuwa garka. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, ƙwaryar nan a cinyarta, tana bin zanen da yatsa. Ta san kowane dutse. Takan tsaya a kan wani ta ce wannan ran da ta kawo shi da cikin Yaya take, wancan kuma ran da hadari ya kama ta a hanya. Na ƙi faɗa mata, kuma ko yau aka mayar da ni ba zan faɗa ba. Sai dai abin ya zo mata ta inda ban tsare ba.

An yi wa Yaya haihuwa, ranar suna gida ya cika. Wani maroƙi ya tsaya a tsakar gida yana wasa shi, yana ɗaga murya, yana kiransa mai rijiya, mai baƙi, mai raba dutse kamar goro a ƙasar da babu dutse. Mata suka yi guɗa. Ina kusa da Inna, na ga yatsanta ya tsaya cak a kan ƙwarya.

Ta ce, "Wane dutse?"

Ta juyo da fuskarta wajena.

"Ɗiyata, wane dutse yake rabawa?"

Na faɗa mata. Ban rage komai ba, don na gaji da haɗiyewa. Na ce rabi ya tafi, sauran kuma duk sun ci wuta. Ta san abin da wannan ke nufi, ni ma na sani. A wajenmu ba a ɗora wa mamaci abin da wuta ta taɓa. Na ji ana cewa a kudu har da fasasshiyar tukunya suke rufe kabari, amma mu itace ɗanye muke jerawa, kuma ko sandar da ta yi baƙi a gefe, liman cire ta yake. Ba a so wuta ta raka mutum makwancinsa. Yaro ma ya san haka a garinmu.

Na zaci za ta yi kuka, ko ta sa a kira shi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta juya ƙwaryar a hankali, ta gangara da babban yatsanta har ƙasan zanen, ta yi ta shafa manyan duwatsun nan na layin farko, ana ta kiɗa a bayanmu. Can ta jawo ni kusa.

"Waɗanga manyan na ƙasa, in kin tahi garka yanzu kina ganinsu?"

Na karɓi ƙwaryar na duba. Ga mai ɗigen zabuwa, ga mai saƙar tabarma, ga dogon nan mai ƙusumbi. Tun da na dawo ban ga ko ɗayansu ba, kuma ban ga an ɗauke su ba, don ba mai iya zare na ƙasa ba tare da katangar ta rushe ba. Sai na tuna yadda iska ke tara rairayi a gindin duk abin da ya tsaya mata a hanya. Shekarun da na yi a Rumbu, ƙasa ta haɗiye layin farko gaba ɗaya. Ashe ba Yaya kaɗai ya gajarta katangar ba.

Na ce, "Suna ƙarƙashin ƙasa, Inna."

Ta ce, "To, wuta ba ta gansu ba. Yi shiru. Kak ki hwaɗa mishi."

Ta yi 'yar dariya ma. Ni ban yi ba. Ina kallon tsohuwa makauniya tana ɓoye wa ɗan da ta haifa duwatsun kabarinta, shi kuma yana can yana miƙa wa maroƙi goro.

Daga nan na daina faɗa da shi. Ya zaci na saduda, har yana gaya wa matarsa cewa auta ta yi hankali. Ni kuwa ƙasa nake ƙara turawa gindin katanga, na shuka duma a kai don ganye ya rufe. Awaki suka samu hanya ta giɓin, suka cinye albasa da yakuwa, na ƙyale su. Yaya ya ce tun da garka ta dawo hannuna ta lalace. Na haɗiye wannan ma, na ɗauki wuƙata da sabuwar ƙwarya na zauna gindin lalle, amma a karon nan zanen bai sauke mini numfashi ba. Har huda ƙwaryar na yi.

Inna ta rasu da bazara, da hantsi, lokacin da daji ya bushe kuraye suke zuwa har bayan gidaje. Muka yi mata wanka, maza suka ɗauke ta. Sai a lokacin maganarta ta faɗo wa Yaya. Na gan shi ta zana yana loda baƙaƙen duwatsun nan a mangala, ya kora jaki ya bi masu gawa. Ba a daɗe ba jakin ya dawo da kayansa yadda ya tafi. Yaya ya shigo inda muke zaune da mata, idonsa ja, ya durƙusa gabana.

"Malam ya ce dutsen da ya ci wuta ba a aza ma mamaci. Mun sa ƙaya. Ƙaya mai yawa munka sa, auta."

Yana faɗa kamar yau ya fara jin hukuncin. Na tashi daga tabarmar gaisuwa, na ɗauki hauya da tsohon gammon Inna na fita. Mata suna kirana, wata tana cewa a riƙe ni, mutuwa ta taɓa mini kai.

Rana ta riga ta karkata, kuma na san abin da ke fitowa in ta faɗi. Na ture sauran katangar, na yaye duma, na fara haƙa. Suna nan. Jajaye, masu sanyi, ko ɗigon baƙi babu a jikinsu. Na fara fito da mai ƙusumbi, na gane shi kamar fuskar ɗan'uwa. A kusurwar gabas saiwar lalle ta nannaɗe manya biyu, ba yadda za a yi su fito sai an sare ta. Lallen da aka ƙunsa wa Inna, aka ƙunsa mini, na ƙunsa wa 'yata. Na sare shi. Ina sara ina zagin Yaya da babbar murya, ranar da aka binne uwarmu, kuma duk wanda ke bakin rijiya ya ji.

Mace ba ta shiga makabarta a garinmu. Akwai wata aduwa a bakinta, nan ne iyakarmu. Na yi ta ɗauko su ɗaya-ɗaya a ka ina jibgewa gindin aduwa, ina komawa. Nauyinsu ya ba ni mamaki. Daga garka zuwa aduwa ba nisa, amma wuyana kamar zai karye, ita kuwa tun daga fakon Kornaka ta ɗauko su, da goyo. Babu wanda ya kama mini. Sai bayan la'asar, da tulin ya taru, Yaya ya zo da mutane. Ya dubi duwatsun, ya dube ni. Ya tuɓe riga ya shiga ɗauka daga aduwa zuwa kabari, tafiyar da ba ta fi daga ɗaki zuwa murhu ba. Ya jera su da kyau, wannan ba zan hana masa ba.

Daidai lokacin masu gaisuwa daga ƙauyuka suka fara isowa. Abin da suka tarar shi ne ɗa, ba riga, gumi na zuba, yana rufe kabarin uwarsa da jan dutse a ƙasar da babu dutse. Suka yi ta sa masa albarka. Wani dattijo har da hawaye, yana cewa Allah ya ba kowa ɗa irin wannan. Ina tsaye gindin aduwa, ƙasa har cikin gashina, hannuna duk jini. Na jira ya juyo ya nuna ni. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Amin, amin. Ai wajibi ne."

Da safe na koma gindin aduwa na hango. Sawun kura ya kewaye kabarin. Ta ja ƙayar gefe, ta tona kaɗan a wajen ƙafafu, ta ci karo da dutse, ta haƙura. Na zauna a ƙasa, a nan ne na yi kukan mutuwar Inna. Garka kuwa ta zama rami. Lallen bai sake tohowa ba, kuma ban sake shuka komai a wurin ba.

Ran sadakar uku dangin Inna suka iso daga Tagriss da raƙumansu, suka sauka a bakin rijiya. Ina tsakar gida ina wanke ƙwaryar nan, sai ga Yaya ya shigo, ya sha riga, yana murza hannu.

"Auta, baƙi sun sauka, kuma dangi ne. Baƙaƙen nan duk sun hwashe, ba su riƙe tukunya. Cikin waɗanda kika tono, ko akwai sauran guda uku?"

Na ajiye ƙwaryar don kar in fasa ta a kansa. Na ce, "Akwai, Yaya. Suna bisa Inna. Tahi ka ɗauko."

Na faɗa ne don kunya ta kashe shi. Na zaci zai ce subhanallahi, ko ya zage ni, ko ya mare ni ma, da duk na yafe. Bai yi ko ɗaya ba. Ya juya kansa ya dubi wajen aduwa, ya ɗan jima yana duba, leɓensa na motsi kamar mai lissafi. Sannan ya tuna ina kallonsa, ya sauke ido ya fita.

Bai ɗauka ba. Ya rayu shekaru bayan haka, na yi jinyarsa, na dama masa kunu da hannuna, da ya mutu na sa 'ya'yana suka jibga masa ƙaya mai yawa. Amma tun daga ranar sadakar nan har ƙafafuna suka gaza, duk sa'ad da ayari ya tashi daga rijiya sai na ɗauki ƙwaryar na tafi gindin aduwa, ina duba zanen ina hango kabarin, in ga ko suna nan duka.